Yadda Ake Fita Ƙasar Waje Da Mota Daga Kaduna

Motar yayana na ara zan je ɗaurin auren wani abokin kasuwancinmu a Maraɗi. Na cika tanki a Kawo, na shimfiɗa babbar riga a kujerar baya, na soka lasisina a aljihu, a raina ina cewa ai Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne, wa zai tambaye ni wani abu? Da na isa kan iyaka jami'in ya karɓi takardun mota, ya duba su, ya duba lasisina, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ai wannan sunan ba naka ba ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, motar yayana ce, uwa ɗaya uba ɗaya." Ya ce shi bai musa ba, amma ina shaidar cewa yayan nawa ya san motarsa za ta bar ƙasa? Awa huɗu na yi a gindin darbejiya ina buga waya. Aka ɗaura aure ba ni.

Abin da ke rudar mu ke nan mu 'yan Arewa. Can ma Hausa ake yi, tuwon ɗaya ne, har sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce, waɗanda suka koma can bayan jihadi a farkon ƙarni na 19. Sai mutum ya ɗauka zumunci zai tsallakar da shi. Zumunci zai ba ka masauki da fura mai sanyi, amma sandar kan iyaka takarda ce take ɗaga ta, kuma takardun kashi biyu ne: naka daban, na motarka daban. Tun daga ranar na yi wannan tafiya sau da dama, ga yadda nake shirya ta.

Mataki na farko: zaɓi ƙofar da za ka fita, ka tabbatar a buɗe take

Daga Kaduna, inda za ka shi zai gaya maka ta inda za ka fita. Mai zuwa Maraɗi zai bi Zariya, Kano, Katsina, ya fita ta Jibiya, ya shiga Nijar ta Ɗan Isa. Daga Katsina zuwa Maraɗi wajen kilomita 90 ne. Mai zuwa Damagaram zai bi Kano, Kazaure, Daura, ya fita ta Kwangwalam, ya bi Matamaye har ya hau babbar hanyar Nijar a Takeita. Mai zuwa Yamai yana iya bin Sakkwato ya fita ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga nan Dogon Dutse, Doso, sai Yamai, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 400 daga Ƙonni. Wanda kuma ya nufi Kwatano ko Lome ko Akra, kudu zai yi: Abuja, Lokoja, Legas, ya fita ta Seme.

Akwai gajeriyar hanya zuwa Katsina ta Funtuwa da Malumfashi, akwai kuma ta Funtuwa zuwa Gusau ga mai zuwa Sakkwato. A taswira suna da daɗin kallo. Sai dai duk wanda ke zaune a Kaduna ya san halin da wasu hanyoyinmu ke ciki saboda 'yan bindiga, kuma hanyar da ke lafiya wannan makon tana iya lalacewa mako mai zuwa. Taswirar waya ba ta san wannan ba, ita gajarta kawai take lissafawa. Ni abin da nake yi, kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, sai in je tashar Kawo in sami direbobin da ke bin hanyar kullum, in gaishe su, in tambaya. A minti goma za su gaya maka inda kwalta ta fashe, inda aka karkatar da hanya, da wurin da ba a wucewa bayan la'asar. Matambayi ba ya ɓata.

Sannan ka tambayi ita iyakar kanta. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufe ta ɓangaren Nijar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Kuma a ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da mutunta zirga-zirgar jama'a tsakaninta da su, amma abin da aka rubuta a Abuja da abin da jami'in da ke kan shinge ya samu umarni a kai ba kullum suke zama ɗaya ba. Nijar tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Kano. Idan tafiyarka ta wuce ta yini ɗaya, ka tuntuɓe su ka ji abin da ake nema a lokacin.

Mataki na biyu: takardunka

Fasfo shi ne uba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan ƙungiyar damar shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ba biza, ya zauna har kwana 90, amma "ba biza" ba ya nufin "ba takarda". Hukumar shige da fice tana bayar da takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS wadda ta fi fasfo araha, tana kuma aiki a Benin, Togo da Gana. Ga mai zuwa Nijar a wannan yanayi, ni dai fasfo sosai nake ba shi shawara ya riƙe, wanda ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya mutu. Kowa a motar da nasa, har jariri. Idan za ka tafi da yaron da ba kai ka haife shi ba, ka karɓi takardar amincewar iyayensa da kwafin shaidar haihuwarsa, domin jami'an iyaka suna sa ido sosai kan safarar yara, kuma suna da gaskiya.

Sai katin rigakafin cutar shawara, katin nan ruwan ɗorawa. Sashen lafiya na tashoshin shiga da fita ne ke bayar da shi, a filayen jirgin sama da kan iyakoki. Abu biyu mutane ke mantawa. Na ɗaya, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba abin da za a yi ana gobe tafiya ba ne. Na biyu, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai an sake ba bayan shekara goma kamar da. Kada ka sayi kati ba allura. Banda cewa na yanzu yana da lambar da ake dubawa a na'ura, cutar kanta ba ta karanta kati.

Lasisin tuƙinka ya kasance da rai. Ka haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda ake nema ta ofisoshin da ke bayar da lasisi. Amfaninsa shi ne an fassara bayananka a cikinsa zuwa wasu harsuna har da Faransanci, jandarma zai gane abin da yake dubawa. Ba ya tafiya shi kaɗai, tare da lasisinka na gida ake nuna shi.

Mataki na uku: takardun motar

A nan nake so ka natsu, don a nan aka kayar da ni.

Tattara duka: takardar rajistar mota, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, inshora, da takardar kwastan da aka shigo da motar da ita. Wannan ta ƙarshen mutane da yawa ba su ma san inda tasu take ba, musamman wanda ya sayi mota hannu na uku ko na huɗu. A cikin gari ba kasafai ake tambayarta ba, amma kusa da iyaka ita ce ke raba ka da ɗan fasa-ƙwauri. Tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk motar da ta fito daga wajen iyaka abin tuhuma ce a idon kwastan har sai ta nuna asalinta. Idan gilashinka mai duhu ne, ka riƙe izinin 'yan sanda.

Bayan ka tattara, ka buɗe gaban mota da hasken rana, ka karanta lambar shasi da lambar inji da idonka, harafi bayan harafi, ka gwada da abin da ke rubuce. Idan an taɓa canza inji ba a gyara takarda ba, ko magatakarda ya rubuta 8 a wurin B, a Kaduna za ka gyara, ba a kan iyaka ba. Haka launin mota: idan takarda ta ce fara, kai kuma ka yi mata fentin toka, ka sayi magana.

Idan motar ba da sunanka take ba, mai ita ya rubuta takardar ba ka izinin fita da ita, da sunansa, da naka, da lambar mota, da ƙasar da za ka, da tsawon lokaci. A kai kotu a buga mata hatimi, a haɗa da kwafin katin shaidarsa. Ko motar matarka ce, ko ta mahaifinka. Idan ta kamfani ce, a rubuta a takarda mai tambarin kamfanin.

Sai inshorar tsallake iyaka, wadda ake kira katin ECOWAS mai ruwan ƙasa. An kafa tsarin a 1982, aikinsa shi ne idan ka buge wani ko ka lalata dukiyar wani a wata ƙasar ƙungiyar, akwai ofishin da zai tsaya a biya. Ba ya gyara taka motar. Daga Janairun 2023, lokacin da aka mayar da inshorar dole ta motar gida Naira 15,000, an ce an haɗa kuɗin katin a ciki. To amma haɗa kuɗi daban, riƙe katin a hannu daban. Ka je kamfanin inshorarka ka ce a fitar maka da shi. A nan ne wasu ke gano cewa inshorar da wani ya yi musu a gindin bishiya kusa da ofishin lasisi, takarda ce kawai ba kamfani a bayanta. Mai shiga Nijar kuma ya ware ɗan kuɗi, idan aka ce masa sai ya yanki inshorar ɗan lokaci ta can, ya yanka ya karɓi rasit.

Kowace takarda ka yi mata kwafi uku, ka kuma ɗauke ta a waya. Na asali a jaka ɗaya a jikinka, kwafi a aljihun mota.

Mataki na huɗu: ita kanta motar, da guzuri

Ka kai ta wurin bakanikenka mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don ka samu kwanakin da za ka zagaya da ita ka ji ko an bar wani noti a kwance. A juye baƙin mai, a duba birki, lagireto, fanbel, batir, fitilu da waifa. Taya kuwa ka duba da kanka. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta mutu, ko da zanenta na nan raɗau. Kwaltar watan Afrilu tsakanin Kano da Maraɗi ba ta yi wa tsohuwar taya uzuri.

A but ɗinka a samu safaya mai iska, jak, sifanar taya, abin kashe gobara da bai mutu ba, alwatikar gargaɗi wadda direbobi ke kira sikoshin, akwatin agajin gaggawa, tocila, igiyar ja, galan na ruwa, da fanbel na ajiya. Abin da ba zan ba ka shawarar ɗauka ba shi ne jarkokin fetur. Fetur na cikin kayan da aka fi fasa-ƙwaurinsu a iyakokin nan, har a 2019 aka taɓa hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Jarka biyu a but za su mayar da kai abin bincike. Cika tanki a babban gari na ƙarshe, Katsina ko Daura ko Sakkwato, ya wadatar.

Kuɗi: Nijar, Benin da Togo sefa suke ci, Gana kuma sidi. Ka canza wani abu tun a Wapa idan ka bi ta Kano, ko wurin ɗan canjin da aka haɗa ka da shi, ka nemi ƙananan takardu da silalla saboda kuɗin hanya. Kada ka dogara da katin bankinka. Wani abu kuma da ba a rubuta shi a ko'ina: a Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce. Ranar da mai tsire a Maraɗi ya ce mini "dala ɗari", saura kaɗan in ajiye masa namansa, na zaci ta Amurka yake nufi. Sefa 500 ce. Dala ashirin sefa 100, jika ɗaya sefa 1,000.

Mataki na biyar: daga Kawo zuwa Kano, dokokin babbar hanya

Ka tashi bayan sallar asuba, da gari ya fara haske. Lissafin duka shi ne ka isa iyaka kafin la'asar, ka kuma shiga masaukinka kafin magariba. Idan ka makara, kwana a Kano ko Katsina ba abin kunya ba ne.

Kaduna zuwa Kano kusan kilomita 230 ne a kan tagwayen hanya, Zariya na wajen kilomita 80 daga Kaduna. Dokar hanya ta Najeriya ta kasa gudu kashi uku. Motar gida: kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya ta gama-gari, 100 a tagwayen hanya irin wannan. Tasi da bas 50, 80, 90. Tirela da tanka 45, 50, 60. Ka lura da na ƙarshen: ko da kowa ya bi doka, tsakaninka da tirelar da ke gabanka akwai ratar kilomita 40 a awa, shi ya sa take zuwar maka da sauri fiye da yadda ido ke zato, balle da hazo.

Kuma 100 ɗin nan ba ta tsawon hanyar ba ce gaba ɗaya. Hanyar tana ratsa garuruwa: Rigacikun, Maraban Jos inda manyan motoci ke jere hagu da dama, Jaji, Kwangila a Zariya, Tashar Yari, Kwanar Ɗangora, Kura. Duk inda ka ga rumfuna da 'yan talla da babura, ka shiga gari, ko da allo ko babu. Yaro mai tallan rake ba ya kallon motar da ke tahowa, motar da ta tsaya yake kallo. A ganina gyaran da aka yi wa hanyar ya zo da nasa haɗarin: da ramuka ne ke taka wa mutane birki, yanzu sai hankali, shi kuma ba kowa ya fito da shi daga gida ba.

Tun 2 ga Afrilun 1972 muke tuƙi a hannun dama. Ma'anarsa a tagwayen hanya ita ce layin dama shi ne na tafiya, na hagu na wuce mota ne, ka wuce ka koma. Kafin ka fita, madubi, sigina, sannan ka ɗan waiga, saboda akwai wurin da madubi ba ya nunawa. Na san za ka tarar da tirela ta kafe a layin hagu ta ƙi matsawa, zuciya ta ce ka bi ta damanta. A nan ne direbanta ya fi rashin ganinka, kuma a nan ne ake samun motar da ta lalace a tsaye. Ka ba shi haske, ka yi masa oda sau ɗaya, ka jira. A hanya mai layi ɗaya kamar wasu sassan bayan Kano, direbobin manyan motoci suna da yarensu: idan ya kunna siginar hagu yana tafiya miƙe, yana ce maka kada ka fito, akwai mota, idan ya kunna ta dama, yana ce maka hanya ta buɗe. Ka gode masa, amma kada ka fita sai idonka ya gani.

Ba a ja da baya a wannan hanya, ba a juyawa sai inda aka yanka don juyawa, ba a kuma bin hannun da ba naka ba don gudun zagaye. Inda ake aiki aka haɗe motoci a hannu ɗaya, ka ɗauka kana tsohuwar hanya ce, ka bar wuce mota har a rabu. Kowa ya ɗaura bel, har na baya. Yaro ƙasa da shekara 12 ba ya zama gaba. Waya kuwa, a ba na kusa da kai ya amsa. Tsakaninka da na gabanka ka bar rata: idan ya wuce wata fal-waya, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a natse kafin kai ka iso ta, da ruwan sama ko hazo ka ninka.

Idan mota ta lalace, ka sauke ta daga kwalta iyakar iyawa, ka kunna fitilun gargaɗi, ka kai sikoshin baya sosai, taku hamsin ko fiye, ba a gindin bamba ba. Mutane su fito su tsaya nesa da titi. Idan ka ƙara da ganye ko duwatsu kamar yadda aka saba, ka kwashe abinka in za ka tafi. Duwatsun da wani ya bari sun kashe mutanen da ba su san hawa ba. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce. Cikin Kaduna akwai hukumar kula da tituna ta jiha, KASTLEA, cikin Kano akwai KAROTA, kowace da dokokin jiharta kan fitilar hanya da wurin ajiye mota, lambar wata jiha ba ta zama uzuri.

Mataki na shida: kan iyaka

Tun kafin ka isa shingaye za su yawaita. Rage gudu, sauke gilashi, kashe rediyo, yi sallama. Da ka tsaya a iyaka samari za su yanyame ka, kowa na cewa kawo fasfo ya yi maka sauri. Kada takardarka ta bar hannunka sai zuwa hannun mai kaki a cikin ofis.

A ɓangaren Najeriya: shige da fice su buga maka hatimin fita, jami'an lafiya su ga katin shawara, kwastan su rubuta fitar motar. Kada ka tsallake wannan na kwastan don ka ga ba wanda ya tsayar da kai, shi ne zai yi maka shaida ranar dawowa. A ɗaya ɓangaren: 'yan sanda su buga hatimin shiga, sannan ka je duwan, wato kwastan ɗinsu, su ba motar takardar shiga ta wucin gadi da ake kira lesefase. Kafin ka bar tagar ka karanta ta: lambar mota daidai? Kwana nawa aka ba ka? Idan kwana goma za ka yi, kada ka karɓi ta mako guda ka ce Allah na nan. Duk abin da ka biya ka nemi rasit, da fara'a. Inda aka ce babu rasit, ka san sunan abin. Ni ban taɓa ganin faɗa ya rage wa mutum lokaci a kan iyaka ba. Cikakkun takardu da haƙurin zama a benci su ne ke gajiyar da mai neman na goro.

Kada ka ɗauki hoto a wurin, ko na shinge, ko na soja, ko na gada. Idan kuma ka ji usur ka ga kowa ya ƙame ana ɗaga tuta ko sauke ta, kai ma ka ƙame har a gama.

Mataki na bakwai: tuƙi a can

Sa'ar da muka yi, maƙwabtan nan duk dama suke bi, Gana ma ta koma dama a 1974. Bambancin yana cikin ƙananan abubuwa. A ƙasashen da suka gaji dokar Faransa, a mahaɗar da ba fitila ba allo, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko da titinsa ya fi naka ƙanƙanta. Mu da muka saba mai babban titi ko mai ƙarfin hali shi ke wucewa, a nan muke yin karo. A shataletale ka duba allo kafin ka shiga, ka kuma kalli yadda 'yan gari ke yi. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

Kalmomi kaɗan za su fisshe ka. Halte, tsaya cak: za ka gan ta tare da Police, Gendarmerie, Douane ko Péage, na ƙarshen wurin biyan kuɗin hanya ne. Ralentir, rage gudu. Cédez le passage, ba da hanya. Déviation, an karkatar da hanya. Allon sunan gari na nufin ka shiga gari, ka sauko da gudu. Idan ka ga sunan an ja masa jan layi a karkace, ka fita. A shinge, ka tsaya daidai allon, ba gaban jami'in ba, sai ya yafito ka. Tikitin kuɗin hanya kada ka yar, ana iya tambayarsa a gaba. Idan jandarma ya ce "farmi" lasisi yake nufi, "kart giris" takardar rajistar mota, "asirans" inshora. A Maraɗi da Damagaram da Ƙonni da Hausa za ku gama magana.

Babbar hanyar Nijar, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram har Difa, layi ɗaya ce kowane hannu, ba tagwaye ba. Motoci ba su kai namu yawa ba, shi ke sa ƙafa ta yi nauyi a kan totur. Abokan hanyarka su ne amalanken jaki, raƙuma, garken awaki, da rairayin da iska ke kwantarwa a kan kwalta. Amalanke ba shi da fitila. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka ajiye mota da magariba.

Mai yin kudu kuma, ya ware kwana biyu kafin ya ga Seme, inda tun 2018 jami'an Najeriya da na Benin ke aiki a harabar iyaka guda. A Kwatano babura ne masu gari, a wasu manyan tituna har layinsu daban, kada ka faɗa ciki. Togo ta bakin teku siririya ce, kilomita hamsin da ɗoriya ka ratsa ta, Lome kuma tana manne da iyakar Gana ta Aflawo. Daga Togo agogo ke komawa baya da awa ɗaya, ka gyara saboda lokutan sallah. Kowace iyaka sabon hatimi, sabuwar takardar shigar mota. Kafin ka shiga Akra za ka hau tagwayen hanyar Tema, mai tsawon kilomita 19, wadda aka buɗe a 1965 zamanin Kwame Nkrumah. In ka isa, tambayi Nima, za ka ji Hausa kamar kana Tudun Wada.

Dawowa

Ka fito kafin kwanakin lesefase su cika, ko da kwana ɗaya ne. A iyaka ka mayar musu da ita su rubuta cewa motar ta fita, in ba haka ba a littafinsu tana can har yanzu, ranar da ka sake zuwa za a tayar da maganar. A buga maka hatimin fita a can, na shiga a nan. Tsarabar dabino, kilishi da cuku ba mai hana ka, amma kada wani ya roƙe ka ka ɗauko masa buhun shinkafar waje ko ƙullin da ba ka ga cikinsa ba, ko da surukinka ne. Tun 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakar ƙasa, buhu biyu suna iya jawo a riƙe motar gaba ɗaya.

Sauran sefar da ta rage ka canza ta a iyaka ko ka adana ta don wata tafiyar, a Kaduna ba kowane ɗan canji ke son silalla ba. Idan ka bar Maraɗi da ƙarfe bakwai na safe, iyaka ba ta riƙe ka ba, za ka yi azahar a Kano, ka hango gadar Kawo da sauran rana.